Baba ya kwaso ciwo a aikin Saudiyya, ko za mu iya neman diyya daga Gombe?

Wata 'yar uwa ce ta turo saƙo daga Gombe ta ce a sakaya sunanta, ga abin da ta rubuto na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum. Babanmu shekarunsa 68, ya tafi Saudiyya a 1981 ya yi aiki da wani kamfanin Turawan Ingila a Yanbu har 1988, aikinsu naɗe bututu da tukunyar tururi da wani farin abu kamar auduga, a 1984 ma sun kai shi Ingila ya yi wata 8 a wajen aikinsu na can. Bara ya fara tari da haki da ciwon ƙirji, aka ɗora shi kan maganin tibi wata 6 babu sauƙi, ruwa sai taruwa yake a ƙirjinsa ana zuƙewa, wata 4 da suka wuce likita ya ce yana zargin kansar asbestos ce wai ita mesoteliyoma. Kuɗin magani ya cinye mu. Wani a Facebook ya ce akwai asusu a Amurka da ake biyan irin su Baba, mu tura naira dubu 850 na rajista, yayana yana so a sayar da gonarmu ta Kumo a biya, Bappa ƙanin Baba kuma ya ce ƙaddara ce a bar wa Allah, neman diyya rashin tawakkali ne. Ni dai na rasa na kamawa."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, ku kuma Allah ya saka muku da alheri kan jinyar da kuke yi, wallahi saƙonki ya taɓa ni.

Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsar ki ɗauki waya ki kira yayanki ki ce masa a bar gonar Kumo inda take, kuma kada a tura wa mutumin Facebook ɗin nan ko naira ɗaya. Asusun da yake faɗa akwai su da gaske, shi ya sa ƙaryar tasa take shiga kunne, kamfanonin da suka yi ta sarrafa asbestos a Amurka ne ƙararraki suka yi musu yawa har suka karye, irin su Johns-Manville da ya durƙushe a 1982, sai aka ware kuɗi a asusu domin biyan waɗanda kayansu ya cutar, to amma ba a shiga ta hannun wani baƙo a Messenger, kuma ba sa biyan mutum don kawai yana da ciwon, sai an nuna cewa ƙurar kayan wannan kamfanin takamaimai ya shaƙa. Lauyoyin da suke wannan aikin tsakani da Allah, a Ingila ne ko a Amurka, tsarinsu in ba a yi nasara ba ba za ka biya su ba. Duk wanda ya buɗe baki da "ku turo kuɗin rajista" ɗan damfara ne, ki yi bulokin ɗinsa kawai.

Amma fa maganarku ita kanta tana da tushe, ba mafarki kuke ba. Asbestos ma'adini ne da ake haƙowa a ƙasa, zare-zare yake, wuta ba ta cinsa, shi ya sa a wancan zamanin da shi ake naɗe bututun zafi a matatun mai da tashoshin wuta da jiragen ruwa, kuma Yanbu a farkon shekarun 1980 gari ne da ake ta gina matatu da masana'antu ba dare ba rana. Zaren nan in ya tashi a iska ido ba ya ganinsa, in ya shiga huhu kuma ba ya narkewa, sai ya yi zamansa shekara 20, 30, har 50 kafin ciwo ya bayyana a tantanin da ya lulluɓe huhu. Ki lissafa daga 1981 zuwa yau, lissafin ya zauna daidai. Masu naɗe bututu irin su Baba suna cikin waɗanda suka fi kowa shaƙa a duk duniya, kuma ita mesoteliyoma kusan duk inda aka gan ta to asbestos ne sila, ko da mutum ya taɓa shan taba ba tabar ce take kawo ta ba. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne an san haɗarin tun kafin Baba ya hau jirgi, tun 1960 wani likita mai suna Wagner ya wallafa bincike a Afirka ta Kudu da ya haɗa wannan kansar da asbestos, Ingila ta sabunta dokar kare ma'aikata daga ƙurarsa a 1969, ta hana nau'insa mai launin shuɗi da mai ruwan ƙasa a 1985, ta hana farin a 1999, Saudiyya ma ta hana a 1998. Har gobe fiye da mutum 2,000 take kashewa duk shekara a Birtaniya. Kamfanin Ingila da ya miƙa wa saurayi ɗan shekara 20 da 'yan kai buhun wannan abu a 1981 ba zai ce bai taɓa jin labari ba.

To yanzu ga abin da nake so ki riƙe da kyau. A irin wannan shari'ar abu biyu ne in suka wuce ba a dawo da su, hujjar asibiti da kuma bakin Baba. Lauya za a samu ko wata mai zuwa, takardun kamfani ana iya tono su ko bayan shekara, amma waɗannan biyun sai Baba yana raye kuma yana da ƙarfin magana.

A saƙonki kin ce likita "yana zargin" mesoteliyoma ce. Zargi ba ya cin shari'a ƙanwata, babu kamfanin inshorar da zai biya ko sisi a kan zargi. Ku koma wajen likitan ku tambaye shi kai tsaye, an yanki tsoka daga tantanin huhun an auna ko kuwa ruwan da ake zuƙewa kawai aka duba? Don shi ruwan sau da yawa ba ya nuna komai ko da ciwon yana nan, kuma a ƙasarmu da tibi ya yi yawa duk wanda ruwa ya taru a ƙirjinsa tibi ake fara zato, ba ku kaɗai abin ya faru da ku ba. Abin da ake buƙata shi ne bayofsi, a ɗebi 'yar tsoka a kai ɗakin gwaji a yi mata rini na musamman da suke kira IHC wanda yake bambance mesoteliyoma da kansar huhu ta yau da kullum, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ko na ATBU a Bauchi nan ne wajen yin wannan maganar, in wani rinin babu su za su faɗa muku inda ake turawa. Ki karɓi rahoton a rubuce da sa hannu da hatimi, ki roƙi ɗakin gwajin su adana tsokar da suke daskararwa a cikin kaki tare da gilasan da suka duba, don likitan can waje zai iya cewa a aiko masa ya gani da idonsa, hoton sitisikan kuma ki ce a zuba miki a faifai ko filash. Ko jikin Baba zai ɗauki wannan aikin, likita ne zai yanke, kada ku matsa in ya ce a'a, sai dai ku ce ya rubuta dalilinsa da abin da ya gani a hoto da tarihin aikin Baba a cikin fayil.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan, ki yi haƙuri da zan faɗa, a Ingila in mai irin wannan ciwo ya rasu ana binciken gawa a tabbatar, mu kuwa kin san yadda muke, in rai ya yi halinsa da safe kafin azahar an kai mutum makwancinsa, kuma haka ya dace da mu. Ke nan hujjar da su suke samu bayan mutuwa mu dole mu same ta da rai. Allah ya ja kwanan Baba, amma a yi abin da ya kamata tun yanzu.

Sai bakin Baba. Wannan ke ce za ki yi shi, ba ya buƙatar ko kwabo. Ki zaɓi lokacin da hakin ya fi lafawa, yawanci kwana ɗaya ko biyu bayan an zuƙe ruwan, ki tayar da shi zaune ki sa masa filo a baya, ki jingina waya a kan kujera ki kunna bidiyo, ya fara da faɗin sunansa da ranar da ake ciki, ya yi da Hausa ko Fulatanci duk wanda ya fi masa daɗin baki, minti 10 ko 15 ya isa a zama ɗaya sai a bari sai gobe. Kada ki sa masa magana a baki, ki yi tambaya ki yi shiru ki bar shi ya tuno. Baba a ina aka ɗauke ku aikin, a Kano ko Legas ko sai da kuka isa Jidda? Wa yake ba ku albashi a hannu, sunan wa ke jikin igamarku, wato katin izinin zama, a matsayin kafili? Abin da kuke naɗawa a buhu yake zuwa ko a kwali, wane launi, akwai rubutu ko tambari da kuke tunawa? Kuna zazzage garin a bokiti ku kwaɓa da ruwa da hannu? Kuna yanka shi da zarto? Kuna ɓamɓare tsohon da ya bushe a jikin bututu, wa yake share wajen in an tashi, da tsintsiya ake yi a bushe ko ana yayyafa ruwa? An taɓa ba ku abin rufe hanci, wane iri, an taɓa ce muku abin nan yana kisa? In kun tashi aiki yaya gemunku da gashin kanku da kayanku suke? Irin waɗannan ƙananan bayanan su ne shari'ar gaba ɗaya, alƙali a Landan bai taɓa zuwa Yanbu ba, da bakin Baba zai ga ƙurar.

Wata 8 na Ingilan nan kuwa ki zauna a kansa sosai. Wane gari, wace ma'aikata, a ina ya kwana, aji kawai aka zaunar da su ko sun shiga fili sun yi aiki da hannunsu, a can aka biya shi ko albashinsa na Yanbu ne ya ci gaba, an ba shi lambar inshorar ƙasa da ake ba ma'aikata a can? Sannan ya lissafo duk aikin da ya taɓa yi kafin ya tafi da bayan ya dawo, har da ko ya taɓa aikin silin ko kwanon rufi na asbestos a gida, don mu ma nan an yi amfani da shi sosai, a Bauchi ma an yi masana'antarsa, lauyoyin ɗaya ɓangaren za su tono wannan, gara ya fito daga bakinku tun farko, ɓoyewa ita ce take rusa shari'a. In kin gama ki rubuta abin da ya faɗa, a karanta masa ya yarda, ya sa hannu gaban kwamishinan rantsuwa na babbar kotu ko lauya mai hatimin notari. Lauyan can zai sake ɗaukar nasa bayanin a tsarinsu, amma naki yana nan ajiye ko da wani abu ya gitta. Ki tambaye shi kuma su wa suka tafi tare, 'yan wancan zamanin da suka yi zaman Saudiyya sun san juna, wani yana nan Jekadafari ko Bolari ko ya koma Azare yana zaune a ƙofar gida, shaidar abokin aiki guda ɗaya tana da nauyi ƙwarai.

Daga nan ki sa Mama ta buɗe miki akwatin ƙarfen Baba. Tsohon fasfo mai tambarin shiga da fita, bizar Ingila, igama, katin shaidar aiki, takardar albashi ko guda ɗaya ce, satifiket ɗin kwas, hotunan da ya ɗauka da hular kwano mai tambarin kamfani, wasiƙu har da ambulan ɗinsu, har kaset ɗin da mutane a wancan zamanin suke aikowa gida da muryarsu in akwai. Ki ɗauki hoton kowanne gaba da baya ki tura wa kanki a imel, kada ki kai a manne su da leda, kuma kada ki ba kowa na ainihin, kowa kwafi.

Yanzu ina za a kai kuka? A ganina Ingila ce ta farko, kuma zai iya yiwuwa wata 8 ɗin nan ya fi shekara 7 na Yanbu amfani a gaban kotu. Dokarsu tun hukuncin Fairchild na 2002 da dokar diyya ta 2006 ta tsaya a kan cewa a mesoteliyoma duk kamfanin da ya ɗauke ka aiki ya yi sakaci ya sa ka shaƙa har haɗarin ya ƙaru za a iya kama shi da diyyar gaba ɗaya, ba sai ka nuna cewa zaren da ya kawo ciwon a wajensa ka shaƙa ba, don babu likitan da zai iya nuna hakan. Kuma tun 1972 dole ne mai ɗaukar ma'aikata a can ya yi musu inshora, saboda haka ko kamfanin ya mutu ya ruɓe kamfanin inshorarsa ake bi, akwai ofishi mai suna ELTO da aikinsa ke nan gano wa ya yi wa wane inshora a wace shekara, sunan kamfanin kuma ke da kanki za ki iya bincikawa kyauta a shafin Companies House, ofishin rajistar kamfanoninsu, ki ga yana nan ko an rufe ko ya canja suna, in an rufe ma kotu tana iya dawo da shi rajista domin a yi ƙararsa. In Baba ya samu waccan lambar inshorar ƙasa, hukumar harajinsu HMRC tana da tarihin wanda ya yi wa aiki. In duk an bi an rasa kamfani an rasa inshora, akwai tsarin biyan masu mesoteliyoma mai suna DMPS da aka kafa a 2014 domin irin wannan, akwai kuma wani tsarin gwamnati na 2008 mai biya sau ɗaya, dukkansu biyun sharaɗinsu a Birtaniya aka shaƙi ƙurar, kin ga dalilin da na ce ki zauna a kan wata 8 ɗin.

Lokaci kuma yana tafiya. Ƙarar kotu shekara 3 ce daga ranar da mutum ya san ciwonsa da abin da ya jawo shi, DMPS ma shekara 3 daga ranar da aka gano ciwon, shi kuwa na 2008 wata 12 ne kacal, ku ɗauka kawai agogonku ya fara tun ranar da likita ya furta sunan ciwon wata 4 da suka wuce, kada ku tsaya jayayyar yaushe ya fara. Abin daɗin shi ne babbar kotun Landan tana da layi na gaggawa domin masu wannan ciwon da suke raye, kuma da zarar an tabbatar da laifi a kan kamfani akan ba da fam 50,000 na wucin gadi kafin a gama lissafin sauran.

Shekarun Yanbu sun fi wuya, gaskiya ce ba zan ɓoye miki ba. Ba wai ba a taɓa yi ba, ma'aikatan asbestos na Afirka ta Kudu sun kai kamfanin Cape ƙara a Ingila kan ƙurar da suka shaƙa a ƙasarsu, kotun ƙoli ta lokacin ta yarda a 2000 cewa a saurare su a can, a 2003 aka sasanta kan fam miliyan 7.5 ga mutum kusan 7,500, in kin raba za ki ga ba wani abin a zo a gani ba ne kowa ya samu kuma da yawa sun rasu suna jira. Sannan in a Saudiyya aka shaƙa, kotun Ingila tana iya aiki da dokar Saudiyya har da wa'adinta, inshorar dole ɗin nan kuma domin aikin cikin Birtaniya aka yi ta. Babbar tambaya ita ce wa ya ɗauki Baba aiki a takarda, kamfanin Turawan da kansa ko wani ɗan kwangila Balarabe da ya kawo musu leburori, don mutanenmu da yawa suna cewa "na yi aiki da Turawa" alhali sunan wani daban ne a igamarsu. Ki ba lauya labarin duka biyun, shi zai auna.

Wajen neman lauyan, ki nemi ofisoshin Ingila da suka ƙware a shari'ar asbestos kaɗai, ki duba sunansu a rajistar hukumar SRA mai kula da lauyoyin can, kyauta ne a intanet, ki tabbatar imel ɗin da ake amsa miki da shi na shafin ofishin ne, ki ce a yi kiran bidiyo ki ga fuska, yarjejeniya kuma a rubuce. Ƙungiyar agaji ta Mesothelioma UK ma tana ba da bayani. Ki rubuta wa biyu ko uku lokaci ɗaya, wani zai ce ba ya karɓar na ƙasar waje, kada wannan ya karya miki gwiwa ki wuce na gaba. Su ne kuma za su duba maganar asusun Amurka in Baba ya tuno sunan da ke jikin buhunan.

Ta ɓangaren Saudiyya akwai hukumar inshorar ma'aikata GOSI, kafin 1987 baƙi ma ana yankar musu kuɗin fansho, da aka cire su daga tsarin aka ba su damar karɓar abin da aka yanka. Ki tambayi Baba ko ya karɓi nasa, ko ya karɓa ma rajistarsu hujja ce ta wanda ya yi wa aiki da shekarun da ya yi. Ku rubuta takarda ta hannun NiDCOM, hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje, ko ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda, a rubuce da kwafin igama, kada ku bi ta "akwai wani da ya san wani". A gida kuwa dokar diyyar ma'aikata ta 2010 da hukumar inshorar ma'aikata NSITF ke gudanarwa ta ma'aikatan da ake biya musu kashi 1 cikin 100 ce a nan Najeriya, ba za ta koma Yanbu ta 1981 ba, kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan zai bi muku ta nan. Amfanin lauyan gida shi ne rantsuwa da takardar wakilci da karanta muku yarjejeniya kafin a sa hannu, in babu hali ku je ofishin hukumar ba da agajin shari'a kyauta ko reshen ƙungiyar lauyoyi na Gombe.

Ki sayi littafin rubutu mai 60 ki fara rubuta komai daga yau, kuɗin magani, kuɗin gado, kuɗin Keke zuwa asibiti, wa ya kwana da Baba, wa ya bar kasuwa ko aiki saboda jinya, rasit kuma ko na naira 500 ne a ajiye, a dokar Ingila har wahalar da iyali suka yi ta jinya ana sa ta a lissafi.

Sai maganar Bappa. Kada ki yi musu da shi, ƙaninsa ne yake gani a kwance, wani lokacin "a bar wa Allah" ita ce kaɗai kalmar da mutum yake iya furtawa in zuciyarsa ta cika. Kuma gaskiya ya faɗa, ƙaddara ce, babu mai ja. Amma Allahn da ya ƙaddara shi ne ya saukar da diyya a Suratun Nisa'i aya ta 92 a kan wanda ya kashe mutum bisa kuskure ma, balle wanda ya san abu yana kisa ya miƙa wa yaran mutane ba tare da kariya ba, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa. Karɓar haƙƙi ba ya rage tawakkali. Ki sa yayanki ya samu malamin da Bappa yake jin maganarsa su je tare su zauna, zai fi karɓa daga bakinsu. Kuma a ƙarshe haƙƙin nan na Baba ne, a saƙonki kin faɗi ra'ayin yayanki kin faɗi na Bappa amma ban ga na Baba ba. A gaya masa komai a fili a tambaye shi, in ya ce a nema a nema, in ya ce ya yafe bayan ya fahimci abin da yake yafewa da halin da zai bar iyalinsa to a girmama maganarsa.

In ya ce a nema, ya faɗi da bakinsa a gaban kowa wanda zai wakilce shi, mutum ɗaya, in gidan da mata biyu ne a sa kowane ɗaki a cikin maganar tun yau don kada a zo ana zargin juna. In ta Allah ta kasance kafin a gama, ƙarar ba ta mutuwa, magada da waɗanda yake ciyarwa suna ci gaba, a Ingila suna da shekara 3 daga ranar rasuwa matuƙar wa'adinsa bai riga ya ƙare ba, sai dai ku tabbatar asibiti ya rubuta sunan ciwon ƙarara a takardar shaidar rasuwa, ba "ciwon ƙirji" ko "gajeruwar rashin lafiya" ba. In kuɗi ya zo kuma akwai wanda yake zuwa da sunan mamaci akwai wanda yake zuwa da sunan iyali, a kai wa malami ko alƙali takardar ya duba kafin a raba.

Kada ku ci bashi da sunan diyya tana zuwa, tana iya ɗaukar lokaci, tana iya ƙin zuwa gaba ɗaya. Kuma kada zirga-zirgar takardu ta ɗauke hankalinku daga shi kansa Baba, ku tambayi likita maganar manne tantanin da hoda don ruwan ya rage dawowa, ku tambayi maganin ciwo mai ƙarfi irin su mofin in zafin ya yi yawa, babu laifi a ciki kuma bai kamata dattijo ya kwana yana murƙususu ba, maganar kemo kuma, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon, likitan ciwon daji ne zai auna da ƙarfin jikinsa, ku leƙa ofishin walwala na asibitin ku faɗi halin da kuke ciki ba kunya. Tunda an yi wata 6 ana zaton tibi ne ina kyautata zaton an ware masa kwano da kofi an hana jikoki shiga, in likita ya tabbatar babu tibi to wannan ciwon ba ya yaɗuwa ko kaɗan, a bar yara su shiga su zauna kusa da kakansu. In kuma Mama ta taɓa zama da shi a can tana wanke masa kayan aiki, ita ma ta gaya wa likita, matan ma'aikata da yawa ta wajen kakkaɓe kaya suka shaƙa.

Saƙon farko zuwa ga lauya ba sai ya yi tsawo ba, shekarun Baba, sunan ciwon da ranar da aka faɗa, sunan kamfanin, Yanbu 1981 zuwa 1988, Ingila wata 8 a 1984 da sunan garin, irin aikin da ya yi da hannunsa, sai ki ce yana raye kuma jikinsa yana rauni don su san abin na gaggawa ne, ki haɗa da hoton fasfo da rahoton asibiti. Ki tura shi a makon nan ko da sakamakon tsokar bai fito ba, ki ce yana tafe. In kin buɗe akwatin ki sake rubuto min abin da kika gani a jikin igamar da bizar Ingilan, sai mu duba tare.